Ko Ka Sani? Da Lasifika Ake Ƙidayar Zakuna da Kuraye

Zaki da kura da dare suke harkarsu, da rana kuwa sai su lafe a cikin ciyawa. Shi ya sa ƙidaya daga jirgin sama, irin wadda ake yi wa giwaye, ba ta aiki a kansu. Maimakon a bi su, sai masana namun daji suka koma kiransu.

Bayan magariba ake ɗaura manyan lasifikoki a kan mota, a tsaya a fili, a kashe inji. Sai a saki muryar ɗan ɓauna yana kururuwar neman ceto, ko hayaniyar kuraye suna rububin mushe. Ana juya bakin lasifikar gabas da yamma, kudu da arewa, har kusan awa guda. Kuraye kan iso da sassarfa, ido na ƙyalli. Zaki kuwa yakan taho a natse, ya tsaya yana shinshina iska, yana neman inda naman yake. Sai a haska su da fitila mai jan haske, a rubuta yawansu da jinsinsu. Kowane zaki ana gane shi da jerin baƙaƙen ɗigon da ke gindin gashin bakinsa.

Wuyar aikin ita ce lissafin waɗanda suka ƙi zuwa. Don haka sai an fara gwaji da zakunan da aka san inda suke. A gandun dajin Kruger na Afirka ta Kudu, binciken da aka wallafa a 2010 ya nuna kiran yana jawo zaki daga nisan kusan kilomita 4, kuma wajen bakwai cikin goma ne ke amsawa. Zakanya mai ƙananan 'ya'ya ba kasafai take fitowa ba. Da wannan ma'auni aka ƙiyasta zakunan dajin sun haura 1,600.

A Afirka ta Yamma lamarin ya fi wuya. Wani bincike na 2014 ya gano zakuna kusan 400 ne suka rage, akasarinsu a dazuzzukan W da Arly da Pendjari, a mahaɗar Nijar da Burkina Faso da Benin, sai 'yan kaɗan a wurare irin su Yankari da Kainji. Kura ta san gidan mai babbar sanda: dabbar da ta sha harbi da guba ba ta kusantar mota, komai daɗin kiran. A irin waɗannan wurare dole a haɗa da bin sawu da kyamarorin da ake ɗaurawa a jikin bishiya.