Kafin a Sayar da Ƙungiyarku

Ranar 16 ga Mayu, 2006, Majalisar Dattawan Nijeriya ƙarƙashin Ken Nnamani ta yi fatali da gyaran tsarin mulkin da zai buɗe wa Shugaba Obasanjo ƙofar tazarce. Ba wai sanatocin sun zama waliyyai a dare ɗaya ba ne. Ana haska muhawarar kai tsaye a talabijin, jaridu da ƙungiyoyin farar hula sun hana su sakat, kowannensu kuma ya san mutanen mazaɓarsa sun zuba masa ido.

A Nijar labarin ya sha bamban. Da Shugaba Mamadou Tandja ya nemi ƙarin shekara uku a 2009, kotun tsarin mulki ta ce haramun. Ya rushe majalisar dokoki a watan Mayu, ya rushe kotun a Yuni, ya yi zaɓen raba-gardamarsa ranar 4 ga Agusta. 'Yan ƙwadago da 'yan adawa sun yi ta cika titunan Yamai, ya toshe kunne. Ranar 18 ga Fabrairu, 2010, sojoji suka kifar da shi.

Mai karatu zai ce wannan rigimar manya ce. To, mu sauko tasha da kasuwa, domin a can ake koyon tambayar shugaba, ko kuma a koyi yin gum. Ga ƙungiyar direbobi ko ta 'yan kasuwa: kullum ana yankar rasit, ba a taɓa karanta lissafi a bainar jama'a ba, ciyaman ɗaya tun yaranmu suna goye. Kakar zaɓe ta kama, ɗan takara ya aiko da shinkafa da atamfa, ciyaman ya samu kujerar Makka, washegari a ji a rediyo cewa ƙungiya ta yi mubaya'a. Wa aka tambaya? Ranar da za a rushe rumfuna ko a ninka haraji, bakin da ya ci ba ya iya cewa uffan. Kwamitin masallaci da ƙungiyar iyaye da malamai ma ba su tsira ba, sai dai kunya ta hana a faɗa.

Saboda haka duk wanda yake biyan kuɗin ƙungiya ya riƙa zuwa taro. Ya nemi ganin kundin dokokinta, ya tambayi wa'adin shugabanni da ranar zaɓe na gaba. A dage ma'aji ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita. In ɗan takara ya kawo kyauta, a rubuta ta a littafin ƙungiya, a kuma shaida masa a gaban kowa cewa ƙuri'ar mambobi ba ta cikin cinikin.