JIRATAWA: IN FAMFO YA TSAYA, A FARA DUBA WAYAR ƘASA

A kwarin Gulbin Maraɗi, cikin gundumar Madarunfa, akwai gandun noman rani na Jiratawa, wanda aka shimfiɗa a farkon shekarun 1980 bisa fili fiye da hekta 500, ƙarƙashin kulawar ma'aikatar ONAHA da aka kafa a 1978. Gulbi ba ya gudu sai da damina. Saboda haka ruwan da ake ba alkama da albasa da zogala daga ƙarƙashin ƙasa yake fitowa, ta rijiyoyin foraji masu famfon lantarki. A tsakiyar rani, in famfo ya yi ƴan kwanaki bai tashi ba, wahalar magidanta da dama ta tafi banza.

A irin wannan gandu kowane famfo yana da akwatin ƙarfe mai sarrafa shi. Shi ke tada inji, shi ke tsayar da shi in ruwan rijiya ya ja baya ko wuta ta yi rauni. Wani lokaci akwatin yakan yanke aiki alhali akwai wuta, akwai ruwa. A nan ne mai gaggawa yakan ɗaura guntuwar waya ya tsallake na'urar tsaro. Ƴan uwa, wannan dabara ita ke ƙone inji, tana kuma iya ɗaukar rai.

Abin da ya kamata a fara dubawa shi ne wayar ƙasa, mai launin tsanwa da rawaya. Ita ke haɗa jikin akwati da na inji da wata sandar ƙarfe da ake kafawa kamar mita 2 cikin ƙasa. In wuta ta yi yoyo, ta nan take bi ta nutse, na'urar tsaro kuma ta yanke. Turjiyar da ƙasa ke yi wa wuta ana auna ta da ma'aunin om. Bisa ƙa'idar Faransa, in na'urar mai yankewa a miliampa 500 ce, kada turjiyar ta wuce om 100, don kada ƙarfin wutar da ke jikin ƙarfe ya haura bolt 50. To, busasshen rairayi ba ya karɓar wuta kamar laka mai danshi: sandar da ta ba da awo mai kyau a Agusta tana iya gazawa a Afrilu. Ga kuma tsatsa, ga ɓeraye, ga ɓarayin waya.

Matsala ta biyu ita ce kutsen wuta. Siririyar wayar da ke kawo labarin zurfin ruwa saƙonta rarrauna ne, kamar raɗa a tsakiyar kasuwa. In aka ɗaure ta tare da babbar wayar inji mai bolt 380, sai ta kwashi hayaniyarta, akwati ya zaci rijiya ta ƙafe. Na'urorin famfon hasken rana, masu datsa wuta sau dubbai a daƙiƙa, suna ƙara wannan hayaniya. Maganinta a raba hanyar wayoyin biyu, a sa wa siririyar riga ta ƙarfe, a kuma tara dukan wayoyin ƙasa a mahaɗa guda. Sanduna biyu da ba a haɗe suke ba sukan sa wuta ta riƙa yawo tsakaninsu ta cikin wayar saƙo.

Ga tsarin bincike: a yanke wuta tukuna, a duba mahaɗai da ido, a ɗaure masu kwance, a auna sandar ƙasa, a auna rufin wayoyin inji, a rubuta ranar da sa'ar kowace tsayawa a littafi, domin shi zai nuna ko tana zuwa tare da tsawa ko da tashin wani famfo. Awon aikin ƙwararren ma'aikacin lantarki ne. Rubutun kuwa, duk wanda ya yi yaƙi da jahilci yana iyawa.

Muna kira ga shugabannin ƙungiyoyin manoma da su sa a auna sandunan ƙasa sau biyu a shekara, ƙarshen rani da tsakiyar damina. Kuɗin awo bai kai kuɗin sabon inji ba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.