Waƙar da ta riga mai ita fita duniya

A shekarar 2008 wani saurayi Ba'abzine daga arewacin jihar Tawa ya gangara Sakkwato don ya ɗauki waƙoƙinsa. Sunansa na yanka Mahamadou Souleymane, amma an fi saninsa da Mdou Moctar. Asalinsa Azawak ne, ƙasar Abalak da Cintabaradan, can gaba da Adar inda gonakin hatsi ke ƙarewa makiyaya ta soma. A gidansu ba a son kiɗa. Da ya ga Abdallah Oumbadougou yana kaɗa jita, abin ya shiga ransa, sai ya nemi katako da wayoyin birkin keke ya harhaɗa tasa. Ga shi bahago, ga ba malami, haka ya yi ta fama har hannu ya faɗa.

A Sakkwato ya tarar da salon da waƙoƙin finafinan Hausa suka baza a wancan zamani: kiɗan kwamfuta, da muryar da ake bi da ita ta cikin na'ura har ta riƙa karkarwa. Ya ɗora waƙoƙinsa na Tamashek a kan wannan salo, ya raɗa wa kundin suna Anar. Ba kamfanin da ya buga shi a lokacin, ba wanda ya yi masa talla. Ya koma gida da waƙoƙin, ya ci gaba da wasa a gidajen biki.

Waƙoƙin kuwa ba su zauna ba. A shekarun nan ne wayoyin hannu masu araha, masu ramin saka katin memori, suka cika kasuwannin Sahel. Intanet bai kai yawancin ƙauyuka ba, wani wurin ma layin kira sai an hau tudu. Amma tura waƙa ta Bluetooth ba ta bukatar layi, ba ta cin kuɗi. Abin da take so kawai wayoyi biyu su kusanci juna, kamar taku goma. Don haka duk inda mutane suka zauna tare, nan ake musaya: majalisar shayi, tashar mota, bakin rijiya, rumfar mai cajin waya ranar kasuwa. Direba ya karɓa a Tawa ya sauke a Agadas, ɗan ci-rani ya wuce da ita Libiya ko Aljeriya, makiyayi ya tsallaka da ita Mali.

Wannan hanya ba baƙuwa ba ce ga mutanen yankin. Adarawa, daga Tebaram har Illela, sun daɗe suna tafiya nema, kuma kafin waya da yawa daga waɗanda ba su iya rubutu ba kaset suke cikawa da magana, a ba mai zuwa gida, iyali su taru su ji muryar ɗansu. A shekarun 1980 da 1990 kaset ne ya yaɗa waƙoƙin jita na Abzinawa irin na Tinariwen da na Oumbadougou, lokacin da gidajen rediyon gwamnati ba sa saka su. Sai dai kaset yana gajiya: duk kwafin da aka yi daga kwafi, murya na ƙara dusashewa. Memori ba haka yake ba. Yana mayar da sauti lissafi ya adana, don haka kwafi na dubu daidai yake da na farko. Rauninsa na wani wurin ne daban. Sunan da ke kan waƙa kowa na iya goge shi ko ya sauya, kuma mutane sun yi ta sauyawa. Murya ta isa lafiya lau, mai muryar ya ɓace a hanya.

Wajen 2010 wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley, mutumin birnin Portland, yana zaune a Kidal a arewacin Mali yana ɗaukar kiɗan gargajiya. Ya lura cewa matasan da yake shan shayi da su kowanne na yawo da rumbun waƙoƙi a aljihu. Sai ya shiga musaya da su: ya ba su abin da ke kwamfutarsa, ya kwafi abin da ke wayoyinsu. Cikin tarin da ya samu akwai wata waƙa, Tahoultine, da ya ji ba ta yi kama da kowace ba. Tana cikin waƙoƙin da aka ɗauka a Sakkwato, ta ratso ɗaruruwan kilomita hannu da hannu.

Da ya ƙuduri niyyar buga wasu daga cikin waƙoƙin a faifai, sai ya ga dole ya nemo masu su, ya nemi izininsu, ya biya su haƙƙinsu. Nan aiki ya tsaya cak, domin na'ura ba ta da amsa. Ya koma ga abin da kakanninmu ke yi in raƙumi ya ɓata: cigiya. Ya tambayi wannan, wannan ya tura shi wurin wancan. Haka aka yi ta bin sawu har aka kai ga lambar waya a Nijar. Mdou ya ba da labari a hirarraki cewa da ya ji Bature a waya ya ɗauka wani ɗan'uwansa ne ke yi masa tsiya, sai ya kashe. Daga baya Kirkley ya zo Nijar da kansa, ya kawo masa jita irin ta bahagwai.

A 2011 kamfanin Sahel Sounds na Kirkley ya fitar da faifan Music from Saharan Cellphones, da Tahoultine a ciki. A 2013 aka fitar da Afelan, wanda aka ɗauka a Cintabaradan. Anar kansa sai a 2014 ya fito a faifai, shekara shida bayan ɗaukarsa, alhali mutanen hamada sun riga sun haddace shi. A 2015 Mdou ya fito a fim ɗin da aka yi a Agadas da harshen Tamashek, wanda aka gina bisa fim ɗin Purple Rain na mawaƙin Amurka Prince. A 2021 kamfanin Matador ya buga masa Afrique Victime, a 2024 kuma Funeral for Justice. Yau shi da ƙungiyarsa suna cika dandali a Amurka da Turai.

Abu biyu suka haɗu kafin wannan ya yiwu. Katin memori ya riƙe sautin, mutane kuma suka riƙe mutumin: garinsu da danginsa. Malamanmu sun san wannan tun tuni, shi ya sa ba sa karɓar karatu sai da silsila, wane daga wane. Mdou ya yi sa'a an samu mai cigiya tun masu tunawa na raye. Mawaƙa da yawa da muryoyinsu suka bi wannan hanya ba su samu ba.

A wayoyinmu yau akwai muryar tsoho yana lissafa tarihin gari, da kirarin 'yan kokawa, da waƙar daka, da wa'azin malamin da ya riga mu gidan gaskiya. Mai karatu, kafin ka tura irin wannan ga wani, ka rubuta sunan mai maganar, da garinsu, da shekarar da aka ɗauka. Sannan ka ajiye kwafi a wuri na biyu, domin kati yana lalacewa, waya kuma tana ɓata.