Yadda Wahalar Ƙuruciya Ke Bin Mutum Har Tsufa

A tsakiyar shekarun 1980, likita Vincent Felitti ne ke shugabantar sashen rigakafin cututtuka na asibitin Kaiser Permanente a birnin San Diego da ke jihar Kalifoniya ta Amurka. Yana da shirin taimaka wa masu ƙiba su rage jiki, kuma shirin yana aiki. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne kusan rabin masu shiga sukan daina zuwa, alhali da yawansu jikin nasu yana raguwa yadda ake so. Sai ya shiga kiransu ɗaya bayan ɗaya yana yi musu tambayoyi. Wata rana ya yi suɓutar baki. Yana nufin ya tambayi wata mata shekarunta nawa sa'ad da namiji ya fara kusantarta, sai ya tambaye ta nauyinta nawa a lokacin. Ta ce fam 40, wato kimanin kilo 18, ta fashe da kuka. Tana 'yar shekara huɗu abin ya faru, kuma mahaifinta ne ya aikata.

Daga nan Felitti ya riƙa yin tambayar da gangan, ya tarar da irin wannan labari a bakin mutane da yawa. Cin abinci ne ke kwantar musu da hankali, ƙibar kuma tana kawar da idon maza daga kansu, saboda haka ramewa tsoro take jefa su. Da ya kai maganar gaban taron masana a 1990, wasu suka ce marasa lafiyar ƙirƙirar labari suke yi don su rufe gazawarsu. Amma maganar ta isa kunnen Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka, CDC, inda ya haɗu da likita Robert Anda. Tsakanin 1995 da 1997 suka yi wa manya sama da 17,000 tambayoyi game da ƙuruciyarsu, sannan suka gwama amsoshin da takardun lafiyarsu. Wannan shi ne binciken da duniya ta sani da ACE.

Jerin abin da suke tambaya ya tsaya a guda goma: duka mai cutarwa, zagi da wulaƙanci, lalata da yaro, rashin kula da ci da suturarsa, rashin nuna masa ƙauna, ganin ana dukan uwarsa, zama da mashayin giya ko ƙwaya, zama da mai taɓin hankali, rabuwar iyaye, da ɗaure wani na gida a kurkuku. Duk wanda ya faru da mutum kafin ya cika 18, maki ɗaya ne. Kusan kashi biyu cikin uku sun sami aƙalla maki ɗaya, mutum ɗaya cikin takwas kuma ya sami huɗu ko fiye. Waɗannan mutane ba matalauta ba ne. Galibinsu Turawa ne masu ilimi da aikin yi da inshorar lafiya.

Rahoton farko, wanda ya fito a 1998, ya nuna cewa gwargwadon yawan maki, gwargwadon yawan cuta. Idan aka kwatanta mai maki huɗu ko fiye da wanda ba shi da ko ɗaya, haɗarin ciwon zuciya da na sankara ya ninka kimanin sau biyu, na ciwon huhu mai daɗewa ya kusan ninkawa huɗu, na yunƙurin kashe kai kuwa ya ninka sau 12. Wani nazari na 2009 da ya bi sawun mutanen ya gano cewa, cikin waɗanda suka riga suka rasu, masu maki shida ko fiye sun mutu kusan shekara 20 kafin marasa maki.

Ta yaya marin da aka yi wa ɗan shekara biyar zai zama ciwon zuciya yana ɗan hamsin? Hanya ɗaya a bayyane take. Wanda ya tashi da tsoro a ƙirji yakan nemi abin da zai sanyaya shi, ko sigari, ko giya, ko ƙwaya, ko yawan ci, kuma kowanne yana da cutar da yake jawowa. Ɗaya hanyar kuwa a cikin jiki take. Idan mutum ya firgita, ƙwaƙwalwa takan aika saƙo ga wasu ƙananan halittu biyu da ke saman ƙoda, su saki sinadaran adirenalin da kotisol. Zuciya ta ƙara bugu, jini ya hau, suga ya cika jini, narkar da abinci ta dakata, duk don mutum ya iya gudu ko ya kare kansa. Wannan rahama ce ga wanda ya yi kiciɓis da maciji a gona, domin da macijin ya wuce jiki yakan koma daidai. Yaron da abin tsoronsa ke shigowa gida kowane dare ba ya samun wannan hutu. Jikinsa na zaune cikin shirin gudu wata da watanni, a daidai lokacin da ƙwaƙwalwarsa ke ginuwa. Sashen da ke hango haɗari yakan zama mai saurin tashi, sassan da ke riƙe karatu da danne fushi da tsara tunani kuma su raunana. Shi ne yaron da malami zai ce ba ya jin magana, ko ba ya zama wuri ɗaya, ko daƙiƙi ne. Garkuwar jiki ma tana taɓuwa. A garin Dunedin na ƙasar New Zealand, inda masana ke bin rayuwar yara 1,037 da aka haifa a 1972 da 1973, an tarar cewa waɗanda aka zalunta suna ƙanana sun fi nuna alamar kumburin cikin jiki a jininsu bayan sun haura talatin, irin kumburin da ke lalata jijiyoyin jini sannu a hankali.

Rashin kulawa kaɗai, ko babu duka, yana yin ɓarna. Bayan faɗuwar shugaban Romaniya Nicolae Ceausescu a Disamban 1989, duniya ta ga yara sama da 100,000 a gidajen marayu na Romaniya, jarirai jere a gadajen ƙarfe, ana ba su abinci amma ba mai ɗaukarsu, ba mai yi musu wasa. A 2000 masana Charles Nelson da Nathan Fox da Charles Zeanah suka fara bin yara 136 daga cikinsu a Bukares. Aka miƙa rabi ga iyalan riƙo da aka horar, rabi suka ci gaba da zama inda suke. Waɗanda suka shiga hannun iyali sun fi sauran kaifin tunani da iya magana da shaƙuwa da mutane, kuma waɗanda aka ɗauka kafin su cika shekara biyu su suka fi murmurewa.

Maganar ba ta Turai da Amurka ba ce kawai. Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Nijeriya ta gudanar a 2014 tare da UNICEF da CDC ya nuna cewa yara shida cikin goma sun gamu da wani nau'in cin zarafi kafin su kai 18, kuma yarinya ɗaya cikin huɗu da yaro ɗaya cikin goma an yi lalata da su ko an yi yunƙurin hakan. Jerin San Diego ma bai ƙunshi yaƙi da gudun hijira ba, sai Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙara su a nata jerin tambayoyin. Yaran Borno da Yobe da Diffa da suka tashi cikin rikicin da ya ɓarke tun 2009, da na ƙauyukan Zamfara da Katsina da ke kwana a daji don tsoron 'yan bindiga, suna ɗauke da nauyin da makin asali ba ya aunawa. A gida kuwa akan ce “yaro ne, zai manta,” ko a kafa hujja da cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Tarbiyya wajibi ce, amma dukan da babba ke huce haushinsa da shi, da gorin da ake yi wa ɗan riƙo, da rufa wa mai lalata da yarinya asiri don gudun abin kunya, babu tarbiyya a cikinsu, kuma yaron ne ke biyan kuɗinsu da lafiyarsa.

Duk da haka maki ba hukunci ba ne a kan mutum. Anda da kansa ya yi gargaɗi a 2020 cewa an yi makin ne don auna al'umma, bai dace a yi hasashen makomar mutum ɗaya da shi ba. A tsibirin Kauai na Hawai, masaniya Emmy Werner ta bi yara 698 da aka haifa a 1955 har suka manyanta. Cikin waɗanda suka tashi a talauci da gidajen rigima, kusan kashi ɗaya cikin uku sun zama manya masu natsuwa da sana'a da zaman iyali lafiya. Abin da ya fi haɗa su shi ne kowannensu ya sami aƙalla babba ɗaya da ya tsaya masa, wani lokaci kaka, ko gwaggo, ko malami, ko maƙwabci. Jikin yaron da ya firgita yakan sauko idan akwai wanda zai rungume shi ya saurare shi. A nan gidan gandu na Bahaushe, mai cike da kakanni da innoni da kawunnai, yana da abin da ya kamata a riƙe da kyau.

Ana kuma iya koyar da wannan kulawa. A Kingston, babban birnin Jamaika, Sally Grantham-McGregor da abokan aikinta sun ɗauki yara 129 da rashin abinci ya tsumburar, daga 1986. Wasu aka ba su madara. Wasu kuma ma'aikatan lafiya na unguwa suka riƙa ziyartar gidajensu awa ɗaya kowane mako har shekara biyu, suna nuna wa uwa yadda za ta yi wa ɗanta hira, ta yaba masa, ta yi wasa da shi da kayan wasan da aka haɗa a gida. Amfanin madarar ya dusashe da tafiyar shekaru. Yaran da aka yi wa ziyarar kuwa, bayan shekara 20 an same su suna samun kuɗin da ya ɗara na waɗanda ba a yi wa ziyarar ba da kashi 25 cikin 100, har sun kamo tsaransu da ba su taɓa tsumburewa ba. Daga baya an kai irin wannan tsari Bangaladash da Kolombiya da Indiya, Peru kuma ta gina shirin ziyarar gidaje na ƙasa baki ɗaya a kansa.