Adis Ababa: An rage hayaƙin motoci, saura batun wutar caji da matattun batura

A farkon shekarar 2024 ne gwamnatin Habasha ta hana shigo da ƙananan motoci masu shan fetur ko dizil, matakin da babu ƙasar da ta riga ta ɗauka a duniya. Babban dalilin shi ne kuɗi: ƙasar ba ta haƙo man da za ta sha, kuma duk shekara biliyoyin daloli ke fita wajen sayo shi. Tun daga lokacin motocin lantarki, galibi ƙirar Sin, suka yawaita a titunan Adis Ababa, aka kuma shiga neman wurin caji.

A watan Fabrairun 2025 kamfanin Ethio Telecom ya buɗe tashar caji a hanyar Bole zuwa Megenagna, mai ɗaukar mota 32 a lokaci guda. Sai dai har yanzu yawancin tasoshin a babban birnin suke, kuma masu motoci da dama a gida suke jona su da dare.

Ta fuskar iska, birnin ya ci riba. Adis Ababa tana bisa tudu, sama da mita 2,300 daga teku, inda iska ba ta da kauri kuma tsohon inji ba ya ƙona mai yadda ya kamata. Duk wata tsohuwar Lada ko ƙaramar bas da ta bar titi, hayaƙin da masu talla da ƴan makaranta ke shaƙa ne ya ragu.

Amma tsabtar motar lantarki ta dogara ne ga wutar da aka cika batirinta da ita. A nan Habasha ta yi sa'a, domin sama da kashi 90 cikin 100 na wutarta daga madatsun ruwa take fitowa. Ranar 9 ga Satumbar 2025 aka ƙaddamar da babbar madatsar kogin Nilu, mai ƙarfin megawat 5,150. Duk da haka ruwa na da nasa hali: a 2019, da ruwan madatsar Gibe ta uku ya ja baya, sai da aka riƙa raba wuta unguwa-unguwa.

Matsala ta biyu tana cikin gari. Na'urar caji mai sauri guda ɗaya kan ja wutar da za ta ishi gidaje da yawa. Idan direbobi suka jona motocinsu da magariba, daidai lokacin da gidaje ke kunna fitilu da murhun lantarki, tsofaffin wayoyi da taransifoma kan gaza. Wuta na ɗaukewa, shaguna da otal-otal sai su tada janareto na dizil, hayaƙin da aka kora daga titi ya dawo ta bayan gida. Shi ya sa cajin tsakar dare ya fi sauƙi ga layukan wuta. Ga kuma kusan rabin ƴan ƙasar da wutar ba ta kai gare su ba, yayin da mafi yawan gidaje da itace ko gawayi suke girki.

Batun da ya fi tsawon rai shi ne batiri. Yawan cajin gaggawa na zafafa shi, ya rage masa kwana, kuma idan ya mutu ba abin jefarwa a juji ba ne: yana iya kama wuta, sinadaransa kuma su gurɓata ƙasa da ruwan rijiya. Mazauna birnin ba su manta da jujin Koshe ba, wanda ya rufta a watan Maris na 2017 ya kashe mutum sama da 100.

A Nijar lissafin zai bambanta. Motar da aka yi wa caji a Yamai da wutar injinan dizil na Gorou Banda, hayaƙinta kawai aka mayar bayan gari. Tashar hasken rana mai megawat 30 da aka buɗe a wurin a 2023 ta nuna wata hanyar: caji da rana tsaka, lokacin da wutar ta fi yawa kuma ba ta da hayaƙi.