Sabulu, Kyandir da Turare a Teburin Bazar: Abin da Ya Kamata Gida Ya Sani Kafin Ya Zuba Jari



Duk wanda ya ratsa kasuwar Utaibiyya a dararen Sha’aban ko goman ƙarshe na azumi ya san kayan ƙamshi ba sa kwantai a garin nan. Matanmu na Shara Mansur, Hindawiyya, Misfala da Rusaifa sun daɗe suna haɗa turaren wuta, humra da dilka a cikin gida, suna sayar wa maƙwabta da gidajen biki. Abin da ya ƙaru yanzu shi ne ’yan mata sun koyi zuba kyandir mai ƙamshi da sabulun wanka ta waya, suna son fita da su bazar. Sai uwa ko kaka ta zo tana tambaya: a ba yarinyar nan jari ko a hana ta?

Sana’ar tana da kyau, kuma tana rufa asiri. Amma riba ko asara tun daga gida ake yanke ta, kafin a shimfiɗa ƙyalle a kan tebur. Abu huɗu ne ke yanke ta: takarda, lissafi, zafin gari, da amanar abin da aka zuba a cikin kaya.

Bazar daban, basɗa daban

Basɗa ita ce shimfiɗar bakin titi, wadda ma’aikatan baladiyya ke kwashewa idan ba ta da izini. Bazar kuwa baje koli ne na ’yan kwanaki da wata ƙungiyar agaji, ko babban kanti, ko hukuma ke shiryawa a ɗakin taro ko fili, a ba kowa tebur, wani lokaci kyauta, galibi da kuɗi. Ya fi yawa kafin azumi, cikin azumi, da lokutan hutu. Gwamnati na ƙarfafa irin wannan sana’a, har Ma’aikatar Al’adu ta kira 2025 shekarar sana’o’in hannu. Masu irin wannan kaya su ake kira “usar muntija”, wato iyalai masu sana’a a gida.

Takarda kafin tukunya

Mutanenmu a Makka ba matsayinsu ɗaya ba a gaban doka, kuma nan ne gidaje da yawa ke tuntuɓe.

Akwai masu takardar ɗan ƙasa, irin gidajen Hausawi, Barnawi da Fallata da kakanninsu suka zo da daɗewa. Su ƙofa a buɗe take: ana yin rajistar iyali mai sana’a ta hannun Bankin Raya Al’umma, wanda Larabawa ke kira Bankut Tanmiya, kuma da wannan shaida ake neman tebur da rancen jari.

Akwai masu iƙama. Dokar ƙasa ba ta yarda baƙo ya yi kasuwancin kansa a ƙarƙashin iƙamar aiki ba, haka matar da ke zaune a kan iƙamar mijinta ko mahaifinta ba ta da izinin aiki sai an ba ta. Dabarar da wasu ke yi, a karɓi tebur da sunan ƙawa ’yar ƙasa alhali kaya da kuɗi na baƙuwa ne, ita ce doka ke kira “tasattur”. Dokar da aka sabunta a 2020 ta sa hukuncinsa zai iya kai ɗaurin shekara 5 da tarar riyal miliyan 5, ga kora daga ƙasa a kan baƙon. Wadda ta ba da sunanta ma ba ta tsira. Ribar dare uku ba ta kai a kwana a Shumaisi ba, kuma ba zumunci ba ne ka jefa wadda ta taimake ka cikin shari’a.

Saboda haka mai iƙama ta fara tambayar masu shirya bazar ko sharaɗinsu ya haɗa da ita, kuma ta nemi amsa a rubuce. In ƙofa ta rufe, ilimin bai tafi a banza ba. ’Yar’uwa a Kumasi, Nima ko Kano za ta iya kafa sana’ar da sunanta, ta yi rajista da hukumar abinci da magunguna ta Ghana ko NAFDAC a Najeriya, ana taimaka mata da shawara da jari daga nan.

Sannan sabulu, man shafawa, dilka da turaren jiki duk kayan kwalliya ne a idon Hukumar Abinci da Magunguna ta Saudiyya. Dokar kayan kwalliya ta 2015 ta wajabta a shigar da kaya cikin rajistar hukumar kafin a sayar, a kuma rubuta abin da ke ciki a jikin kwalin.

Lissafin da ake mantawa

Yawancin masu farawa kuɗin mai da turare kaɗai suke ƙirgawa. Ga misali, kowa ya sa farashin da ya tarar a kasuwa a madadin nawa. A ce an zuba sabulu 100. Man zaitun, man kwakwa da man kaɗanya riyal 250. Soda da ƙamshi riyal 100. Kwali, leda da takardar suna riyal 100. Tebur na dare uku riyal 300. Mota zuwa da dawowa riyal 120. Jimla riyal 870, wato kowane sabulu ya tsaya a riyal 8 da halala 70, ba riyal 4 da rabi da mai shi ke tsammani ba.

In aka sa shi riyal 10 aka sayar da 60, an tashi da riyal 600, an bar 270 a ƙasa. In aka sa riyal 15, sai an sayar da 58 kafin uwar kuɗi ta dawo. Har yanzu ba a biya mai aikin ladan wahalarta ba. Shi ya sa ’yan kasuwa ke cewa kada kaya iri ɗaya su ɗauki nauyin tebur: a haɗa ƙananan abubuwa na riyal 5 da ake saye ba ciniki, da matsakaita, da kwandon kyauta mai tsada na amare. Kuma a tuna kayan haɗi da aka saya a kanti da harajin kashi 15 cikin ɗari a kansu tun Yulin 2020.

Babbar ribar bazar ma sau da yawa bayan an tashi take zuwa. Matar da ta sayi ƙaramin kyandir ɗaya ita ce za ta bugo waya tana son guda 200 na rabon biki ko suna, abin da ake kira “tauzi’at”. Don haka kowane kaya ya fita da lambar waya a jikinsa, kuma kada a karɓi babban aiki sai da kafin alƙalami.

Zafin Makka

Bidiyon da ’ya’yanmu ke koyo da shi yawanci daga ƙasashen sanyi aka ɗauko. A lokacin Hajjin 2024 ma’aunin zafi ya haura digiri 51 a Harami, kuma cikin motar da aka ajiye a rana ya fi haka. Kakin waken suya, wanda aka fi yayi, yana narkewa daga wajen digiri 50, tun kafin nan ma ya fara gumi yana fitar da mai. Kakin zuma sai ya kai digiri 62 zuwa 64. Man kaɗanya kuwa zafin jikin mutum ma yana narkar da shi. Saboda haka kyandir na garin nan a zuba shi cikin kofin gilashi mai kauri ko gwangwani, a gauraya da kakin zuma, a ɗauke shi a akwatin sanyi bayan la’asar. Ƙamshi kada ya wuce kashi 6 zuwa 10 cikin ɗari na nauyin kaki. Kowane sabon haɗi a kunna guda a gida har ya ƙare, a ga ko lagwani yana hayaƙi ko gilashi yana tsagewa, domin gobara a gidan mai saye sunan mai sayarwa take kira.

Sabulun da aka haɗa da soda ba tare da dafawa ba yana buƙatar sati 4 zuwa 6 yana shan iska kafin ya dace da fata. Mai son bazar ɗin Sha’aban tun farkon Rajab ya kamata ta gama zubi. Soda a auna ta da sikeli, ba da cokali ba. A sa safar hannu da tabarau, a zuba soda cikin ruwa, kada a zuba ruwa a kan soda, a guji tukunyar alminiyom, yara kuma su yi nisa.

Abin da muka fi kowa

Kyandir mai ƙamshin ƙasashen waje kantuna sun cika da shi, kuma sun fi mu araha. Inda muke da ƙarfi shi ne kayan gado: sabulun salo, wanda a Ghana ake kira alata samina, da ake yi da tokar ɓawon koko ko na ayaba da man alayyadi, man kaɗanya tsantsa, turaren wuta na hawi, gabgab, kajiji da sandal, humra mai farce, dilka da kurkum, sai ganyen magarya da lalle. Ga ruwan wardin Ɗa’ifa kusa da mu.

Akwai kuma kasuwar da Makka ke da ita: mai harami ba ya amfani da turare, don haka alhazai da masu umra na neman sabulu marar ƙamshi duk shekara. Mata masu takaba da jarirai ma shi suke buƙata. Shi ya fi sauƙin haɗi, ba ya tsoron zafi, kuma sandar sabulu ba ta shiga dokar ruwa-ruwa ta mililita 100 a jakar hannu ta jirgi. Sai dai in an rubuta marar ƙamshi, to ya zama haka da gaske, har mazubin a ware masa nasa, domin ibadar mutum aka ɗauka a hannu.

Fatar mutane amana ce

Za a zo tebur a tambayi sabulun da ke sa haske. Mayukan bilicin da ake ɓarewa a juye cikin haɗi sukan ƙunshi zaiba, ko hydroquinone, ko magungunan asibiti masu sa fata ta yi sirara. Zaiba tana lalata ƙoda, tana kuma cutar da jaririn da ke ciki. Duk wanda ya kawo gari ko ruwa ba suna ya ce a zuba, a mayar masa da abinsa. Haka kuma kada a rubuta “yana maganin ƙyasbi” ko “yana kashe makero”: da’awar magani ce, doka ba ta yarda da ita a kan kayan kwalliya ba. A rubuta sunan kaya, abin da ke ciki, nauyi da ranar haɗi da Larabci, a faɗa in akwai kitsen dabba ko man gyaɗa, saboda masu tambaya da masu ƙaiƙayi.

Ga iyaye da dattawa

Yarinyar da ta zo neman jari kada a kashe mata gwiwa, kada kuma a miƙa mata kuɗin adashe gaba ɗaya. A tambaye ta abu uku: da wace takarda za ki tsaya? Nawa guda ɗaya ya tsaya miki har da tebur da mota? Wa ya gwada kayan na tsawon wata ɗaya? In ta amsa, a fara mata da kaɗan, ta raba tebur da wata mai irin takardarta, ta riƙe littafin shiga da fita, kuɗin sana’a kuma kada ya haɗu da na cefane. In ba ta amsa ba, a zauna da ita a yi lissafin tare, a bar bazar ɗin bana ya wuce, a yi shirin na baɗi.

Allah ya sa albarka a cikin nema, ya tsare mana mutunci a ƙasar mutane.