Gano Matsalar Injin Tafkin Ninƙaya Kafin A Sayi Sabo

Tafkin ninƙaya, ko na otal ne ko na gida, ba ya zama da tsabta sai ruwansa yana zagayawa, kuma wannan aiki yana wuyan injin da ke zuƙo ruwan, ya tura shi cikin matata, sannan ya mayar da shi tafkin. Idan injin ya tsaya na ƴan kwanaki a lokacin zafi, ruwan yakan yi duhu, gansakuka ta mamaye shi. Abin takaici, sau da yawa akan yanke wa injin hukuncin mutuwa alhali lafiyarsa ƙalau, hanyar ruwan ce ta sami tangarɗa.

Matsalar da ta fi yawa ita ce injin ya yi ta juyawa amma ya kasa jan ruwa, kuma galibi iska ce ta shiga ɓangaren zuƙa, wato bututun da ya taso daga tafki zuwa bakin injin. Farfelar da ke ciki an ƙera ta ne don tura ruwa, saboda haka da zarar iska ta cika gidanta sai ta rasa abin kamawa. Wanda ya leƙa murfin injin, wanda yawanci garai-garai yake, zai ga kumfa tana wasa a ƙarƙashinsa maimakon ruwa ya cika shi maƙil. A nan sai a duba ko ruwan tafkin ya sauka ƙasa da tsakiyar kafar da ke kwashe shara, sannan a ciro zoben roba na murfin, domin idan ya bushe ko ya tsage iska za ta sami mashiga. Ana shafa masa man silikon, ba basilin ba, saboda basilin yana lalata roba. Bayan haka a cika tukunyar injin da ruwa kafin a kunna, domin juyawa a bushe tana ƙona sil, abin da ke hana ruwa bin sandar farfela zuwa ɓangaren lantarki.

Idan ruwa yana tafiya amma ba ƙarfi, gejin da ke kan matata zai nuna inda cikas yake. Allurar da ta haura inda ta saba tsayawa da maki 8 zuwa 10 a ma'aunin PSI tana nufin matatar ta toshe, tana buƙatar wanki, abin da ƙurar hunturu ke gaggautawa. Wadda ta faɗi ƙasa kuwa tana nuni ga kwandon shara ko farfelar da ganye da gashi suka shaƙe.

Kunne ma yana da nasa aikin. Ƙara mai tsini alamar boris ne da ya cinye, sautin da ya yi kama da tsakuwa a gwangwani yana nufin ruwan da ke isa ga farfela bai wadata ba, gurnani ba tare da juyawa ba kuwa yawanci laifin kafasita ne, wato ƙaramar na'urar da ke ba injin ƙarfin tashi. Injin da ke mutuwa da kansa, ya tashi bayan ya huce, zafi ne ya yi masa yawa, ko don raunin wuta ko don ɗakinsa ba ya samun iska, kuma ci gaba da tilasta masa yana ƙona kwayil.

Duk wanda zai taɓa injin ya fara kashe wuta daga babban makunni, ya kuma bar aikin wayoyi ga ƙwararren mai gyara, domin kafasita tana riƙe wuta ko bayan an kashe injin.